Lansir Da Ɗan'uwansa Jarjir: Kowane Gida Ya Yi Fangali Ɗaya

 Shekara ta sake zagayowa, an kuma ba ni ɗan fili a cikin wannan littafi. Wasu sun yi rubutu a kan jarrabawa, wasu a kan wasanni, ni kuwa a kan ganye zan yi nawa. Na san akwai wanda zai yi murmushi ya ce, ashe duk karatun nan a kan kwaɗo zai ƙare? To, ina roƙonsa ya yi haƙuri ya karanta zuwa ƙarshe, sa'an nan ya yanke hukunci.

Abin da ya ta da wannan magana shi ne wani abu da ya faru a gidanmu a wani hutun Kirsimeti. Wani ƙanena da yake aiki a birni ya zo gida da tsaraba, a ciki har da wani ganye a cikin leda, wanda ya saya a wani babban kanti da tsadar da ta ba mu mamaki. Ya ce ganyen Turawa ne, sunansa roket. Kakarmu ta miƙa hannu ta ɗauki guda ta tauna, ta yi shiru, sai ta dube shi ta ce, "Kai maigidan nawa, an cuce ka. Ai wannan lansir ne ya samu wurin zama ya yi ƙiba." Shi kuwa ya ce, "Haba Kaka, wannan daga ƙasar waje asalinsa yake." Ta ce, "To, ka gaishe shi, ka ce masa ɗan'uwansa yana nan a kasuwar Wudil."

Muka yi dariya, amma daga baya da na bincika sai na tarar tsohuwa ba ta yi nisa da gaskiya ba. Daga nan ne na ɗauki ra'ayin da nake so in kare a nan, wato ya kamata kowane gida a Ɗankaza da kewaye, da kowane aji a makaranta, ya kasance yana da fangali ɗaya na ganye a lokacin sanyi. A fara da lansir namu na gida, a ƙara da jarjir in an sami irinsa.

SU WANE NE WAƊANNAN GANYAYE?

Ganyen da ƙanena ya kawo, Larabawa suna kiransa jarjir, kuma da wannan suna zan riƙa kiransa, domin shi ne ya fi sauƙi a bakin Bahaushe. Mutanen Italiya suna cewa rukola, Amurkawa suna cewa arugula, Turawan Ingila kuwa roket. Kada wani ya zaci yana da dangantaka da rokar da ake harbawa sama. Sunan ya samo asali ne daga kalmar Latin, eruka, ya bi ta bakin mutanen Italiya da Faransa kafin ya kai Ingila. Asalin tsiron daga ƙasashen da suke kewaye da Bahar Rum ne, kuma Romawa suna cinsa tun shekaru dubu biyu da suka wuce. A Masar da Sudan da Saudiyya ganyen talaka ne, ana ɗaure shi dami-dami a kasuwa kamar yadda muke ɗaure alayyafo. Maƙwabtanmu da suka je aikin Hajji, da Hausawan da suke zaune a Sudan, ba baƙonsu ba ne. A Pakistan da Indiya har mai ake matsewa daga ƙwayarsa. Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su so su ji cewa a labarin Elisha a Gilgal, cikin 2 Sarakuna sura 4, inda wani ya fita jeji neman ganyen miya, wasu malaman Yahudawa na dā sun ce jarjir ne ganyen da ya fita nema.

Lansir kuwa ba sai na gabatar da shi ba. Duk wanda ya taso a ƙasar Kano ya san shi da sanyi, lokacin da masu lambu suke kawo shi kasuwa, mata su yanka shi su haɗa da garin ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir da man gyaɗa. Shi da jarjir ba tsiro ɗaya ba ne, amma dangi ɗaya suke, tare da kabeji da mustad. Alamar wannan dangi ita ce furensu, wanda yake da kunnuwa huɗu a jere kamar gicciye, har masana tsirrai na dā suka laƙaba wa dangin suna mai ma'anar masu ɗauke da gicciye. Ganyen lansir ƙanana ne masu tsage-tsage, furensa fari ne ƙanƙane, ƙwayarsa ja-ja ce, in aka jiƙa ta sai ta yi yauƙi. Ganyen jarjir ya fi faɗi da tsawo, furensa fari ne mai ratsin jijiyoyi masu duhu.

Yajin da ake ji a bakin duka biyun tushensa ɗaya ne. A cikin ganyen akwai sinadarai iri biyu da suke ajiye dabam-dabam. Sai an tauna ko an yanka ganyen suke haɗuwa, su ba da wannan ɗan zafi mai hawa hanci. Makami ne da tsiron yake kare kansa da shi daga ƙwari, mu kuwa ya zame mana daɗin baki. Idan tsiron ya sha zafin rana ko ƙishirwa, yajin yakan ƙaru har ya koma ɗaci. A riƙe wannan, domin zan dawo kansa.

ME YA SA MAGANAR TA ZAMA DOLE?

Dalili na farko shi ne lafiyar jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da kayan lambu da 'ya'yan itatuwa kowace rana. Kowa ya dubi kwanon gidansu, ko kwanon ɗakin cin abinci na makaranta, ya faɗi gaskiya tsakaninsa da Allah ko yana kusa da wannan. Babban binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 68 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar suna da ƙarancin jini, haka kuma kashi 58 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49. Binciken ya kuma nuna a yankinmu na Arewa maso Yamma kashi 57 cikin 100 na ƙananan yara sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Waɗannan yara ba a wata duniya suke ba, ƙannenmu ne da 'ya'yanmu.

Ban ce lansir zai warkar da wannan duka ba. Ƙarancin jini yana da dalilai da yawa, har da zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki, kuma yaro yana bukatar wake da ƙwai da kifi da nono. Amma ganye yana da nasa rabon aiki. A giram 100 na ɗanyen lansir akwai kusan miligiram 69 na bitamin C, wato fiye da abin da yake cikin lemon zaƙi mai nauyi ɗaya da shi. Bitamin C kuwa yana taimakon jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe da yake cikin wake da hatsi, wanda da shi ake gina jini. Jarjir bai kai lansir bitamin C ba, amma a giram 100 yana da kusan miligiram 160 na kalsiyam, mai gina ƙashi da haƙori. Dukansu suna da abin da jiki yake juyawa ya zama bitamin A, mai taimakon ido. Bitamin C yana lalacewa da dahuwa, yana kuma raguwa in ganye ya kwana ya yi yaushi. Saboda haka ganyen da aka tsinka a bayan ɗaki aka ci nan take ya fi wanda ya yini a rana a kan tire.

Dalili na biyu shi ne aljihu. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota da na ban ruwa da inji suka tashi, kayan miya suka bi su. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Yuni 2024 farashin abinci ya haura da fiye da kashi 40 cikin 100 idan aka gwada da Yunin 2023. Idan kuɗin cefane ya gaza, uwa ba za ta fasa sayen masara ba, ganye za ta fasa saya. Fangali ɗaya ba zai cika rumbu ba, amma zai sa tuwo da dafa-duka su daina zuwa su kaɗai. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Dalili na uku shi ne sanin ruwan da ganyenka ya sha. Lansir da jarjir ɗanye ake cinsu, ba sa shiga wuta balle ta kashe abin da yake jikinsu. A cikin birnin Kano an daɗe ana noman ganye a gefen rafin Jakara da na Getsi, da ruwan da ya kwaso dattin gari da na masana'antu. Ba laifin manoman nake gani ba, ruwan da suka samu ke nan. Amma mai saye a kasuwa ba shi da hanyar sanin daga wane lambu daminsa ya fito. Wanda ya shuka da hannunsa kuwa ya sani.

YADDA AKE YINSA

Kada in tsaya ga wa'azi kawai, bari in faɗi yadda ake aikin, da kuskuren da ni kaina na yi. Karon farko da na sami irin jarjir, ɗoki ya sa na shuka shi a watan Maris. Ya tsiro da kyau, amma kafin ya yi ganyen kirki sai ya miƙe ya yi kara ya fid da fure, ganyen kuma ya yi ɗacin da ko akuya sai da ta yi tunani. Wani dattijo mai lambu ya leƙo ya ce mini, "Malam, ai kai ka kira baƙon sanyi da bazara." Wannan shi ne darasi na farko.

Lokaci. Waɗannan ganyaye na sanyi ne. A ƙasarmu lokacinsu daga farkon Nuwamba ne zuwa Fabrairu, sa'ad da hunturu ya sauka, dare ya yi sanyi. Da zarar zafin Maris da Afrilu ya kama, tsiron yakan gaggauta yin fure domin ya bar iri kafin ya mutu. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka a nemi iri a shirya wuri tun watan Oktoba.

Wuri. A sami inda rana take bugawa da safe, inuwa kuma ta rufe shi da yamma, kamar gabashin ɗaki ko gabashin katanga. Faɗin mita 1 da tsawon mita 2 ya isa gida guda. Kada faɗin ya wuce haka, domin hannu ya iya kaiwa tsakiya ba tare da an taka ƙasar ba. Wanda ba shi da fili ya cika tsohon buhu ko fasasshen baho ko bokiti da ƙasa, ya huda ƙasansa domin ruwa ya riƙa tsiyayewa. Saiwarsu ba ta nisa, zurfin taƙi ɗaya na ƙasa ya wadatar.

Taki. A kafta ƙasar da fartanya, a farfasa hoge, a tsince duwatsu da leda. A zuba bokiti biyu na takin dabbobi wanda ya ruɓe sarai, ya yi baƙi, ya daina wari, a cuɗa shi da ƙasa. Ina jaddada kalmar ruɓewa. Ɗanyen kashin dabba ko na kaji yana ƙona tsiro, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cuta da za su iya hawa ganyen da za a ci ɗanye. Mu da muke kusa da karar shanu ta Wudil, wadda take ci kowace Juma'a, ga kuma awaki da tumaki a kowane gida, ba mu da hujjar cewa babu taki.

Shuka. Ƙwayar ƙanƙanuwa ce, saboda haka a gauraya ta da yashi mai laushi domin kada ta zube wuri ɗaya. A ja layi da ɗan tsinke, zurfinsa kada ya wuce rabin gaɓar yatsa, tsakanin layi da layi taƙi ɗaya. A barbaɗa irin, a rufe da ƙasa kaɗan, a danna da tafin hannu. Wanda ya binne shi da zurfi kamar gyaɗa zai yi ta jira. Lansir yakan leƙo cikin kwana biyu zuwa huɗu, jarjir kuwa cikin mako guda. Idan jarjir ya fid da ganye uku ko huɗu, a rage shi, a bar faɗin yatsu huɗu ko biyar tsakanin tsiro da tsiro. Waɗanda aka cire ba a zubarwa, su ne kwaɗon farko.

Ga wata dabara da ta fi kowace amfani. Kada a shuke fangalin duka rana ɗaya. A raba shi kashi huɗu, a shuka kashi ɗaya yau, bayan mako biyu a shuka na biyu, haka har a zagayo. Ta haka gida ba zai cika da ganye mako guda sa'an nan ya rasa wata biyu ba.

Ruwa. Ƙasar ta kasance da laima kullum, amma kada ta zama taɓo. Fangali mai wannan girma yana shan kamar lita 10 zuwa 15 a rana, a raba safe da yamma. Wato jarkar 'yan garuwa mai lita 25 za ta kai kusan kwana biyu. A huda gindin gwangwani da ƙusa a riƙa yayyafi da shi, domin in aka kwara da bokiti irin zai bi ruwa. Ruwan da aka wanke shinkafa ko hatsi da shi yana da kyau, a zuba shi a ƙasa a gindin tsiro. Ruwan kwata, da na wanka, da na wanki mai sabulu, kada su kusanci ganyen da za a ci ɗanye.

Maƙiya. Na farko su ne kaji da awaki, maganinsu shinge na kara ko na ƙaya, kuma a kafa shi kafin a shuka. Na biyu wasu ƙananan ƙwari ne baƙaƙe masu tsalle, waɗanda suke huda ganye kamar an soka masa allura, sai kuma darɓa da take taruwa a bayan ganye. A barbaɗa toka kaɗan da sassafe, ko a jiƙa dakakken ganyen darbejiya ya kwana, a tace a yayyafa. Ina roƙon kowa da babbar murya, kada a fesa piya-piya ko maganin ƙwarin wake da auduga a kan ganyen da za a tsinka cikin 'yan kwanaki. Ganye mai huda-huda ba ya kisa, guba kuwa tana yi.

Girbi. Lansir yana isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu. Jarjir ana fara tsinkar ƙananan ganyensa daga mako na huɗu, ya cika girma wajen kwana arba'in. In aka tsinki ganyen gefe aka bar na tsakiya, ko aka yanka aka bar tsawon gaɓar yatsa a ƙasa, zai sake tohowa sau biyu ko uku. Lansir ya fi kyau a sake shuka sabo. A yi girbi da safe, a wanke ganyen sosai da ruwa mai tsabta irin wanda za a iya sha, a canja ruwan sau biyu ko uku. Abu guda na gargaɗi: ganyayen nan suna da bitamin K da yawa, saboda haka dattijon da likita ya ɗora a kan maganin tsinka jini ya tambayi likitansa kafin ya mai da su abincin kullum.

Iri. Idan zafi ya fara, a bar tsirrai biyar ko shida mafi ƙoshi su yi fure. Zuma za ta zo ta yi nata aikin. In kwanson ya bushe ya yi ruwan ƙasa, a yanke, a shanya a inuwa, a murje, a zuba a kwalba a rufe. Wanda ya yi haka sau ɗaya ya daina sayen iri. Fangalin kuma ba zai zauna banza ba, domin da bazara da damina lokacin alayyafo ne da rama da yakuwa da lalo, ga zogale a kusurwa yana ba da ganye shekara duka.

UZURORIN DA NAKE JI

Wani zai ce babu ruwa. Wannan uzuri yana da nauyi, ba zan raina shi ba, domin na san gidajen da yara suke tafiya mai nisa kafin su cika jarka. Wanda yake cikin wannan hali ya yi buhu ɗaya ko biyu, ya shayar da su da ruwan wankin hatsi. Amma mu tuna a ƙaramar hukumar da muke ne babban kogi ya ratsa, wanda ruwan Kogin Kano da na Challawa suke haɗuwa su zama shi. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 bisa aikin da aka fara zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta Challawa kuma a 1992, kuma da ruwan Tiga ake noman rani a Kadawa da Kura. Mutanen wannan ƙasa sun san ban ruwa tun zamanin jigo. Ilimin yana nan a hannun dattawanmu, mu ne muka daina tambaya.

Wani zai ce ai lansir ba shi da tsada a kasuwa, me zai sa in wahala? Amsata ita ce, abin da ake saya sai ranar da akwai kuɗi, kuma sai ranar da aka je kasuwa. Abin da yake bayan ɗaki kuwa ko yaro aka aika zai tsinko. Na kuma riga na faɗi maganar ruwan da ya sha.

Wani kuma, musamman cikin 'yan'uwana 'yan boko, zai yi ɗokin jarjir domin yana da sunan Turanci, ya raina lansir domin na kakarsa ne. Wannan ita ce cutar da ta fi damuna. Mun ga a lissafin bitamin C lansir ne a gaba. Irinsa yana kusa, ya saba da ƙasarmu, iyayenmu sun san yadda ake sarrafa shi. Ba na ƙin baƙo, ni ma ina shuka shi, kuma wanda yake kusa da birni zai iya samun masu saye a wurin masu dafa abincin Larabawa da na Turawa. Amma baƙo a kan tabarmar ɗan gida yake zama. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Uzuri na ƙarshe ba a cika faɗinsa da baki ba, amma yana cikin zuciya: na zo makaranta ne domin in rabu da fartanya. A nan dole mu malamai mu karɓi namu laifin. A wata makaranta da na yi karatu, duk wanda ya makara ko ya yi surutu a aji, gona ake tura shi. Muka tashi muna ganin fartanya 'yar'uwar bulala ce. Yaron da aka hora da noma shekara shida, yaya za a yi ya so noma? Sa'an nan ga ɗalibi yana zana tsiro a takarda, yana haddace sassansa domin jarrabawar WAEC ko NECO, amma bai taɓa ganin ƙwayar da ya shuka da hannunsa ta fasa ƙasa ba. A nan Wudil akwai jami'ar kimiyya da fasaha da aka buɗe a 2001, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, kuma ana koyar da aikin gona a cikinta. A Samaru ta Zariya akwai cibiyar binciken aikin gona da ta yi suna a Afirka. Masu digiri ne suke duƙawa a kan tsiro a waɗannan wurare, ba kuwa horo aka ba su ba.

ABIN DA NAKE ROƘO

Kiran a yi lambu a gida ba sabo ba ne. Gwamnatin Janar Obasanjo ta yi shi a 1976 da shirinta na ciyar da ƙasa, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta biyo da nata shirin bunƙasa noma a 1980, daga baya kuma uwargidan shugaban ƙasa, Oluremi Tinubu, ta sanar da gasar lambun gida. A Ingila ma, da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a 1939, gwamnati ta kira jama'a su mai da filayen wasa da bayan gidaje lambuna. Darasin da na koya daga namu shirye-shiryen shi ne, sanarwa daga sama ba ta ban ruwa. Lambu yana rayuwa ne in akwai mutum guda da ya san shi ne zai ɗauki gwangwani gobe da safe. Saboda haka roƙona ƙanana ne, kuma kowanne yana da mai shi.

Ga hukumar makaranta: a ba kowane aji fangalinsa, a rubuta sunan ajin a jiki. A shuka a makon farko na Nuwamba, za a ci kafin a tafi hutun Kirsimeti, a sake shukawa in an dawo a Janairu. Abin da aji ya noma ya shiga kwanon wannan ajin. Kuma daga yau a daina tura mai laifi lambu, a mai da shi wurin da ake ba wanda aka amince da shi.

Ga malaman kimiyya da na lissafi: ga ɗakin gwaji kyauta. Yara su auna tsawon tsiro kowane mako, su gwada na inuwa da na rana, su lissafta ruwan da aka zuba da nauyin ganyen da aka samu.

Ga iyayenmu mata na zumunta: ku ne kuka san abin da yake shiga tukunya. Idan mace biyar suka bar tsirransu suka yi iri a bana, baɗi za su iya raba wa gida hamsin a ƙullin takarda. A ba gwauraye da tsofaffi da farko, a kuma miƙa wa maƙwabta ta kan katanga ba tare da tambayar inda suke sujada ba, domin yunwa ba ta tambaya.

Ga ɗalibai, musamman masu fita a bana: ba kowa ne zai sami gurbin jami'a ko aikin ofis nan da nan ba, wannan kuwa kun sani. Kada ku zauna a gindin bishiya kuna jiran takarda. Ku nemi iri cikin cokali guda, ku kafta mita biyu a bayan ɗakin mahaifiyarku. Wanda ya iya riƙon fangali ɗaya wata huɗu bai bar shi ya bushe ba, ya koyi tashi da wuri, da lura, da haƙuri, da ajiyar iri domin gobe, kuma duk inda ya je waɗannan za su yi masa amfani.

Kakarmu da ta yi wa ƙanena dariya ba ta taɓa shiga aji ba, amma da tauna ɗaya ta gane dangin tsiro. Mu da muka yi karatu, abin kunya ne a ce mun san sunansa a harsuna huɗu amma ba mu iya fid da shi daga ƙasa ba. In Allah ya kai mu baɗi, ina fata wanda zai cika wannan shafi ya kasance ɗalibi ne, ya ba mu labarin abin da fangalin ajinsu ya bayar daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Allah ya ba mu damina mai albarka da rani mai amfani, ya kuma sa wa aikin hannuwanmu albarka. Amin.